CHARLES BABBAGE, KAKAN KWAMFUTA

Duk wanda ya shiga darasin kwamfuta, abin da ake fara koya masa shi ne na'urar nan kashi biyu ce. Akwai gangar jiki, watau ƙarafa da wayoyi da allo da duk abin da hannu ke iya taɓawa. Akwai kuma manhaja, watau jerin umurnin da ake ba ta domin ta san abin da za ta yi. Daga nan sai a ce mana ita gangar jikin ma ta kasu: ga ƙofar da ake shigar da bayani, ga ma'adana, ga ƙwaƙwalwar da ke sarrafa bayanin, ga kuma inda amsa ke fitowa. Da yawa daga cikinmu mun hardace wannan saboda jarrabawa, muna tsammanin mutanen zamanin nan ne suka tsara shi. Alhali kuwa wani Baturen Ingila ne ya zauna ya yi wannan rabo tun a wajen 1834, lokacin da babu wutar lantarki a gidan kowa, babu mota, jirgin ƙasa ma bai daɗe da fitowa ba. Sunansa Charles Babbage, kuma tarihinsa ne nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla.

An haife shi a birnin Landan ran 26 ga watan Disamba, 1791. Ubansa, Benjamin Babbage, mai dukiya ne, yana da hannu a wani banki, asalinsu kuwa mutanen lardin Devon ne a kudu maso yammacin Ingila. Yana yaro ya yi wani zazzaɓi mai tsanani wanda ya kusa kashe shi, saboda haka aka kai shi makarantar ƙauye domin ya sha iska ya murmure, aka kuma roƙi malamin kada ya matsa masa da karatu. Bayan ya ji sauƙi aka sa shi wata ƙaramar makaranta a Enfield. A can ne ya tarar da ɗakin littattafai, ya ci karo da littafin aljabra, ya kama koya wa kansa. Ƙaunar lissafi ta shige shi tun daga nan, ba ta kuma sake shi ba har ya mutu.

A 1810 ya shiga Jami'ar Kambirij. Da ya zauna a aji sai ya ga abin da ake koyarwa ya riga ya wuce shi, domin ya karanta littattafan masanan Faransa da Jamus tun yana gida. A lokacin malaman Ingila sun liƙe wa hanyar rubuta lissafi irin ta Isaac Newton, don kawai shi nasu ne, ga shi kuwa sauran ƙasashen Turai sun ɗauki hanyar Leibniz wadda ta fi sauƙin aiki, sun yi musu nisa. Babbage da abokansa biyu, John Herschel da George Peacock, suka kafa ƙungiya a 1812 domin su canja wannan hali. Yara ne 'yan shekara ashirin ko sama da haka kaɗan, amma a ƙarshe hanyar da suka yi wa yaƙi ita jami'ar ta ɗauka. Ya gama a 1814, a shekarar kuma ya auri Georgiana Whitmore, ko da yake ubansa bai so auren ba. A 1816 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, a 1820 kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana taurari.

Kafin in ci gaba sai in bayyana wani abu, in ba haka ba mai karatu ba zai gane abin da ya dami Babbage ba. A zamaninsa kalmar kwamfuta sunan sana'a ce. Mutum ne ake biya ya zauna da alƙalami da takarda yana lissafi tun safe har yamma. Irin waɗannan mutane su ke haɗa manyan littattafan jadawali, 'yan'uwan littafin fo-figa da muka sani a darasin lissafi, sai dai nasu ya fi namu kauri nesa. Matuƙin jirgin ruwa da su yake gane inda yake a tsakiyar teku, in ya auna rana ko wata ko tauraro. Mai ginin gada, da mai awon ƙasa, da ma'aikacin banki, da kamfanin inshora, kowa da su ya dogara. To, kuskure yana shiga ta ƙofa uku. Mai lissafi ya gaji ya yi kure, mai kwafa ya juya lamba, mai jera harufa a maɗaba'a ya ɗauki 8 a maimakon 3. Kuma kuskuren jadawali ba ya ihu. Yana nan kwance a shafi, sai ran da jirgi ya hau kan dutse da mutane a ciki.

Faransawa sun riga sun gwada wata dabara. Bayan juyin juya halinsu, wani injiniya mai suna Gaspard de Prony ya raba aikin jadawali hawa uku. A sama akwai 'yan manyan masana da ke zaɓen hanyar lissafin, a tsakiya akwai masu tsara takardun aiki, a ƙasa kuma mutum sittin zuwa tamanin waɗanda ba su san kome ba sai tarawa da ɗebewa. Da yawa cikin na ƙasan nan masu gyaran gashin manya ne da aikinsu ya mutu bayan an kawar da sarauta. Babbage ya san wannan aiki, ya kuma lura da abin da ke cikinsa: in har mutumin da bai san dalilin lissafi ba zai iya fitar da amsa daidai ta bin umurni kawai, to ƙarfe ma zai iya.

A 1821 shi da Herschel suna zaune suna gwada jadawali biyu da aka sa mutane daban-daban suka lissafa. Suka yi ta cin karo da saɓani. Takaici ya kama Babbage, ya yi fatan da ma injin tururi ne ke yin wannan aiki. Wani da ya faɗi haka ya tashi ya manta. Shi kuwa sai ya koma gida ya kama zane.

Dabarar da ya gina injinsa na farko a kanta mai sauƙi ce, ɗan aji ɗaya ma zai iya gwada ta a bayan littafinsa. Rubuta 1, 4, 9, 16, 25, watau kowace lamba an ninka ta da kanta. Ɗebe kowace daga wadda ke gabanta, za ka sami 3, 5, 7, 9. Sake ɗebe waɗannan, za ka ga 2, 2, 2, ba ta canjawa. To, yanzu juya da baya. Ƙara 2 a kan 9 ka sami 11, ƙara 11 a kan 25 ka sami 36, wanda shi ne 6 sau 6, ba kuwa ka ninka kome ba. Ƙara 2 a kan 11 ka sami 13, ƙara shi a kan 36 ka sami 49. Haka za ka yi ta tafiya har inda ƙarfinka ya ƙare. Amfanin wannan shi ne ninkawa da rabawa suna da wuyar yi da ƙarfe, amma tarawa ba ta da wuya: faifai mai haƙora goma, daga 0 zuwa 9, in ya zagayo sai ya tura na kusa da shi haƙori ɗaya, daidai yadda muke cewa mun rubuta kaza mun riƙe ɗaya. Da yake da bambancin da ke tsakanin lambobi injin ke aiki, sai ya sa masa suna Injin Bambanci. Ya kuma tsara shi ya buga amsar da kansa a kan farantin ɗab'i, domin a toshe ƙofar mai kwafa da ta mai jera harufa gaba ɗaya.

Ya ƙera ɗan ƙarami na gwaji, ya sanar da ƙungiyar masana taurari a watan Yuni na 1822. Suka yaba, har daga baya suka ba shi lambar zinariya. A 1823 gwamnatin Ingila ta ba shi fam 1,500 ya fara babban. Ingila ƙasa ce da arzikinta da ƙarfinta ke kan teku, saboda haka ba don Allah kawai suka ba da kuɗin ba. Babbage ya yi tsammanin zai gama cikin shekara uku.

A nan ne wahala ta soma. Injin yana bukatar ƙarafa wajen 25,000, ɗaruruwa daga cikinsu kuma dole su zama iri ɗaya sak, kada ɗaya ya fi ɗaya ko da kaurin gashi. A lokacin ko noti da kusa ba su da ma'auni ɗaya a Ingila, kowace maƙera da irin nata. Sai ya ɗauki wani gwanin injiniya, Joseph Clement, wanda duk ƙasar ba a cika samun mai hannu irin nasa ba. Kafin a ƙera ƙarafan injin sai da aka fara ƙera injunan da za su yanka su. Babbage da kansa ya yi ta zagaya masana'antu a Ingila da sauran ƙasashen Turai yana kallon yadda ake aiki, abin da ya gani kuma ya tara shi a wani littafi kan tattalin injuna da masana'antu wanda ya fito a 1832, aka yi ta sayensa. Ɗaya daga cikin ma'aikatan Clement, Joseph Whitworth, shi ne wanda a 1841 ya kawo ma'auni ɗaya na zaren noti da kusa. Kun ga ko da injin bai tashi ba, maƙera sun ƙaru da shi.

Ana cikin haka sai shekarar 1827 ta zo masa da nauyi. A cikinta ubansa ya mutu, da matarsa, da 'ya'yansa maza biyu. Cikin 'ya'ya takwas da Georgiana ta haifa masa, uku kaɗai suka rayu har bayansa. Ya kusa zaucewa, 'yan'uwa suka ba shi shawara ya bar ƙasar ya huta, ya yi wajen shekara guda yana yawo a Turai. Bai sake aure ba. Ya gaji dukiya wajen fam 100,000 daga ubansa, wadda ita ta riƙe shi sauran rayuwarsa. Yana can waje aka ba shi kujerar farfesan lissafi ta Kambirij, wadda Newton ya taɓa zama a kai. Ya riƙe ta daga 1828 zuwa 1839, bai kuwa taɓa tsayawa gaban aji ya ba da lacca ko sau ɗaya ba. Na san wasunmu za su ce da ma a samu irin wannan malami, amma abokan aikinsa ba su ji daɗi ba.

A 1832 Clement ya haɗa wani yanki na injin, kimanin kashi ɗaya cikin bakwai, domin a nuna wa mutane. Ya yi aiki sumul. Babbage ya ajiye shi a gidansa da ke titin Dorset a Landan, inda yakan tara baƙi ran Asabar da dare, manyan ƙasa da masana da marubuta, cikinsu har da Charles Darwin da Charles Dickens. Sai ya murɗa hannun injin, lambobi su yi ta juyawa, mutane su riƙe baki.

Amma a 1833 shi da Clement suka ɓata. Babbage ya gina wurin aiki wanda wuta ba ta ci kusa da gidansa, yana so Clement ya kwaso ma'aikata da kaya ya dawo nan. Clement ya nemi a biya shi diyya mai yawa, aka ƙi, shi kuwa ya ajiye aiki ya sallami ma'aikata. Bisa al'adar sana'ar a lokacin, kayan aikin da aka ƙera da kuɗin gwamnati duk suka zama nasa. Daga ranar ba a sake ɗaura ko kusa ɗaya a jikin Injin Bambanci ba. Gwamnati ta riga ta kashe fiye da fam 17,000, kuɗin da zai sayi kan jirgin ƙasa sabo fiye da 20 a lokacin.

Abin da Babbage ya yi bayan wannan shi ya sa muke tunawa da shi, shi ne kuma ya ƙarasa kashe injinsa na farko. Da yake ba shi da ma'aikata, sai ya zauna da takarda yana tunani. Injin Bambanci aiki ɗaya ya iya, kamar ɗan dako da ya san hanya ɗaya tak. Me zai hana a yi inji wanda zai yi kowane irin lissafi aka umurce shi? Daga 1834 ya shiga tsara abin da ya kira Injin Nazari.

Ya raba shi gida biyu, ya kuma ari sunayensu daga masana'antar auduga ta ƙasarsa. Gida ɗaya shi ne rumbu, inda ake ajiye adadi har a bukace shi. A wasu zane-zanensa rumbun zai ɗauki adadi 1,000, kowanne mai lamba har 50. Ɗaya gidan shi ne injin niƙa, inda ake kawo adadi daga rumbu a tara, ko a ɗebe, ko a ninka, ko a raba, sa'an nan a mayar da amsar rumbu. Wanda ya taɓa ganin an ɗebo dawa daga rumbu an kai niƙa an dawo da gari ya riga ya fahimci tsarin. Rumbun nan shi ne ma'adanar kwamfutar yau, injin niƙan kuwa shi ne ƙwaƙwalwarta. Amsa za ta fito ta injin ɗab'i, ko a huda ta a kati, har ma ya tanadi ƙararrawa da za ta kira mai kula da injin in ana bukatarsa.

Saura tambaya ɗaya, ta yaya za a gaya wa ƙarfe abin da zai yi? Amsar ta fito daga wajen masaƙa. Wani Bafaranshe, Joseph Marie Jacquard, ya fito da injin saƙa a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Injin yana aiki da katuna masu huji da aka ɗinke a jere. Inda akwai huji zare ya tashi, inda babu ya zauna. In kana son wani ado daban ba sai ka sake inji ba, katunan kawai za ka canja. Babbage yana da hoton Jacquard da aka saƙa da siliki ta wannan hanya, wanda ya ci katuna wajen 24,000, baƙinsa kuma sukan ɗauka zane ne na alƙalami. Ya ɗauki dabarar ya ce wasu katuna su faɗi irin lissafin da za a yi, wasu su faɗi inda za a ɗauko adadi a rumbu da inda za a mayar. Injin zai iya komawa baya ya maimaita katuna sau da yawa, zai kuma iya duba amsar da ta fito ya zaɓi hanya, in kaza ne ya bi nan, in ba kaza ba ya bi can. Katunan nan su ne manhaja. Ƙarfe ɗaya, umurni iri-iri. A ganina duk cikin tarihinsa babu abin da ya kai wannan, domin ya hango shi ne babu wani abu makamancinsa a duniya da zai kalla.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ya damu da ranar da inji zai lalace. Ya san ƙarfe yana cin ƙarfe, haƙori yana sakwarkwacewa. Saboda haka ya tsara injunansa yadda in faifai ya goce ya tsaya tsakanin lamba biyu, ko dai a tura shi wurinsa, ko kuwa injin ya cije ya ƙi motsi ɗungum. Gara ya tsaya kowa ya gani a zo a gyara, da ya ci gaba yana ba da amsar ƙarya. Ya kuma ƙago wasu alamomi na rubutu da ke nuna wane ƙarfe ke tura wane, kuma a wane lokaci, domin mai haɗawa da mai gyara su bi sawu. Masu koyon gyaran kwamfuta a yau da irin wannan tunani suke fara aiki.

A 1840 aka gayyace shi birnin Turin na Italiya ya yi bayanin injin. Cikin masu sauraro akwai wani injiniyan soja, Luigi Menabrea, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Italiya. Shi ya rubuta bayanin da Faransanci aka buga a 1842. Wadda ta fassara shi zuwa Ingilishi ita ce Ada Lovelace, 'yar mawaƙin nan Lord Byron. Ta fara ganin yankin Injin Bambanci a gidan Babbage a 1833 tana da shekara 17, kusan sa'armu ke nan, kuma uwarta ta sa an koya mata lissafi sosai a zamanin da ba a karɓar mata a jami'o'in Ingila. Da ta gama fassarar sai ta ƙara nata bayani, wanda ya ninka asalin kusan sau uku, aka buga a 1843. A ciki ta jera mataki-mataki yadda injin zai fitar da wasu adadi masu wuya da ake kira lambobin Bernoulli, shi ya sa ake yawan kiranta mai rubuta manhaja ta farko. Masana suna gardama a kan wannan, domin Babbage ya riga ya rubuta wasu misalai nasa da ba a buga ba, kuma sun yi ta musayar wasiƙu lokacin da take aikin. Abin da ba a gardama a kai shi ne ta hango wani abu da shi bai tsaya a kansa ba, watau lambobin da ke cikin injin za su iya tsayawa a madadin wani abu daban, kamar sautin kiɗa. Duk hoto da murya da rubutun da ke cikin waya a yau a kan wannan suke. Ta mutu a 1852 tana da shekara 36.

Ita kuwa gwamnati ta gaji. Ka ba mutum kuɗi shekara da shekaru bai kawo kaya ba, sa'an nan ya zo ya ce ya gano wani wanda ya fi shi. Aka tambayi George Airy, babban masanin taurari na gwamnati, ya ce injin ba shi da amfani. A 1842 gwamnatin Robert Peel ta janye hannunta. Babbage ya je ya ga Peel, maimakon lallashi sai ya kama ƙorafi, suka rabu ba daɗi. Dubban ƙarafan da Clement ya sha wahalar yankawa daga baya aka narkar da su.

Mutane sukan ɗora wa gwamnati laifin duka, su ce ba ta san darajar mai ilmi ba. Ni dai ina ganin laifin ya rabu. Babbage mutum ne mai kaifin basira da kaifin harshe. A 1830 ya buga littafi yana sukar shugabannin ƙungiyar masana kimiyya, mutanen da gwamnati ke tambaya kafin ta saki kuɗi. Ba ya iya barin zane ya huta, kullum sai ya ga inda zai gyara, mai ƙira kuwa ba ya gama aiki in ana canja masa awo. Ga shi kuma hankalinsa ya rabu wurare da yawa. Ya tsaya takarar majalisa sau biyu, a 1832 da 1834, ya faɗi. Ya ƙago ƙarfen da ake sa wa a gaban jirgin ƙasa don ture abin da ya tare hanya. Ya yi na'urar leƙa cikin ido. Ya warware wani rubutun asiri da aka daɗe ana cewa ba ya warwaruwa, bai kuwa buga ba, har wani ya zo ya samu sunan. Ya shiga tanda mai zafi na 'yan mintoci don ya ji abin da zai sami jikinsa, ya kuma sauka cikin bakin dutsen Vesuvius mai aman wuta. A nan wasu Suwidawa biyu, Georg Scheutz da ɗansa Edvard, suka karanta labarin injinsa a mujalla, suka ƙera nasu ƙarami, wanda bai kai nasa kyau ba, amma ya tashi ya yi aiki. Har gwamnatin Ingila ta sayi irinsa a 1859. Sai dai a yaba wa Babbage a nan, bai yi musu hassada ba, shi ya ma taya su talla.

Tsakanin 1847 da 1849 ya sake zana Injin Bambanci na biyu, ya yi amfani da abin da ya koya, ya rage ƙarafan zuwa wajen 8,000. Ya miƙa wa gwamnati a 1852, ta ce ba ta so.

Tsufansa bai yi daɗi ba. Ya shiga rigima da makaɗan titi na Landan, waɗanda ya ce sun cinye masa kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin aikinsa. Ya yi ta kai su ƙara, su kuwa da maƙwabta suka mai da shi abin tsokana, a zo ƙofar gidansa da gangan a yi ta busa, yara su bi shi a titi suna ihu. An yi dokar rage kiɗan titi a 1864, amma mutanen gari da yawa da wannan rigima suka san shi, ba da inji ba. Ya mutu a gidansa ran 18 ga Oktoba, 1871, saura wata biyu da 'yan kwanaki ya cika shekara 80. Mutane kaɗan suka raka shi maƙabartar Kensal Green. An cire ƙwaƙwalwarsa aka adana, rabi a gidan tarihin likitocin fiɗa, rabi a Gidan Tarihin Kimiyya na Landan.

A 1878 wani kwamitin masana ya duba zanen Injin Nazari, ya yaba, ya kuma ba da shawara kada a gina. Ɗansa Henry, wanda ya yi aikin soja a Indiya, ya haɗa wani yanki na injin niƙan ya gama a 1910. Daga nan maganar ta kwanta. Gaskiya ita ce waɗanda suka ƙera kwamfutocin lantarki na farko a shekarun 1940 ba daga zanensa suka kwafa ba. Wasunsu, kamar Howard Aiken na Amurka, sun san labarinsa sun girmama shi, amma cikin zanen ba wanda ya bincika sosai a lokacin. Sun bi tasu hanya ne suka iso inda ya riga ya iso. Wannan ne dalilin da ya sa na kira shi kaka a kan wannan rubutu, ko da yake littattafai da yawa uba suke ce masa.

Tambayar da ta rage ita ce, da an gama injin, zai yi aiki kuwa? An daɗe ana cewa maƙeran zamaninsa ne ba su kai ba. Wani masani ɗan Ostareliya, Allan Bromley, ya shafe shekaru yana nazarin takardun Babbage, a 1985 kuma shi da Doron Swade na Gidan Tarihin Kimiyya suka ɗauki niyyar ƙera Injin Bambanci na biyu. Suka yi amfani da irin ƙarfe da tagullar da ake da su a zamaninsa, suka kuma kiyaye kada su yanka kome fiye da daidaiton da hannun Clement zai iya. Sun tarar da 'yan kurakurai a zanen suka gyara. A watan Nuwamba na 1991, saura wata guda a cika shekara 200 da haihuwarsa, aka murɗa hannun injin ya fitar da amsa daidai, adadi mai lamba 31. A 2002 aka gama masa sashen ɗab'i. Duka-duka ƙarfe 8,000 ne, nauyinsa tan 5, tsawonsa ƙafa 11. An ƙera na biyu irinsa aka kai Amurka a 2008. Shi kuwa Injin Nazari, mai rumbu da injin niƙa da katuna, har yanzu ba a gina shi ba, zane-zanensa da littattafan da Babbage ya cika da rubutu suna ajiye a hannun Gidan Tarihin Kimiyya.